Tsakuwa Huɗu a Tayar Hagu

Tsakuwa huɗu ce a tafin hannun mijin ƙanwata, farare sumul, kowacce ba ta wuce ƙwayar wake ba. Amma yadda ya riƙe su, sai ka rantse harsashi ya tsinto.

"Yaya, an sa hannu a birkin Lauya," in ji shi. "Da gangan kuma."

Bakanike ne, kuma ba laifi ya iya aikinsa, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba don kada kansa ya ƙara girma. Ni kuwa shekara ashirin da shida na yi ina gadin daji, ina bin sawun masu harbin namun da aka hana harbi, har gwiwata ta ce ta gaji. Yanzu mukullai nake yankawa a wata 'yar rumfa, amma sunan ya ƙi barina. In aka shiga shago ba a fasa ƙofa ba, ko wani abu ya ɓata a gida kowa na rantsuwa, Mai Sawu ake aika wa.

Motar tana ɗage a tsakiyar garejinsa, baƙa wuluk, doguwa, irin wadda in ta wuce sai masu babur su ba ta hanya ba a roƙe su ba. Ya ce in tana tafiya a hankali batir ne ke janta, ko numfashinta ba ka ji. To wannan motar ce ta yi wata biyu tana ƙara ƙiiii daga tayar baya ta hagu, tun daga ƙofar gida har harabar kotu, mutane na juyowa suna dariya. Sau uku yana sauya takalmin birki, ya goge faifan, ya shafa abin shafawa. Ta yi shiru kwana biyu, rana ta uku ta dawo da kukanta.

"Yau sai na shimfiɗa farin ƙyalle kafin in kwance tayar," ya ce. "Akwai wani farantin ƙarfe a bayan faifan birki, mai tare ƙura. Ina taɓa shi wannan ta faɗo daga tsakaninsu. Na ce a tona mini sharar da ke cikin ramin gyaran nan, sai ga 'yan'uwanta uku."

"Ai mota na tsintar tsakuwa a hanya."

"Taya ɗaya, sau huɗu, dutse iri ɗaya? Haba Yaya."

Na ce ashe dai ƙanwata ba ta yi asara gaba ɗaya ba. Bai ko yi murmushi ba, a nan na san maganar ta yi nauyi. Ya riga ya buga wa Lauya, matar da ke da motar, waya. Ta karɓe mukulli daga hannun direbanta, Dogo, ta sa shi zama a ɗakin maigadi, ta kuma ce ƙarfe huɗu na yamma 'yan sanda za su zo su tafi da shi.

Na san Dogo. Shekara goma sha bakwai yana tuƙi a gidan, 'ya'yansa biyar, kuma ni na yanka masa mukullin ƙofarsa. Wanda aka kama da zargin neman ran lauya ba ya dawowa gida a makon, in ma ya dawo babu mai sake ba shi sitiyari. Na dubi agogo, sha ɗaya saura. Na zuba tsakuwar a aljihu.

* * *

Lauya ta karɓe ni a tsaye, waya a kowane hannu. Mace ce mai kaifin ido, irin masu yi maka tambaya alhali sun riga sun yanke amsarka. Falon ya yi tsit, amma ina jin mutane a bayan labule da bakin taga, kowa na leƙen kowa.

"Malam, ba na son dogon zance. Ina riƙe da shari'ar wasu masu ƙwace filayen mutane. Sau biyu ana kirana a waya a yi shiru. Yanzu kuma ga wannan. Kyamarar ƙofa ta nuna babu baƙon da ya shigo gidan nan. Ke nan a cikin gidana aka sayi wani."

"Kyamarar tana ganin rumfar mota, ranki ya daɗe?"

"Ƙofa kaɗai take kallo."

"Me ya sa Dogo?"

"Tambayi maigadi. Sannan ka tambayi shi Dogon, ka ga ko zai kalle ka. Tun ina makarantar koyon shari'a yake tuƙa ni. Na ce ya dube ni ya ce bai san komai ba. Ya sunkuyar da kai."

Na tambayi su wa ke kwana a gidan. Ta lissafa: ita, maigadi, mai kula da fulawa wanda shi ke wanke motar, sai mahaifinta.

"Baba kuwa kada ka kuskura ya ji. Yana da hawan jini. Na ce wa kowa ya kama bakinsa."

"Birkin ya taɓa ƙin kamawa?"

"A'a."

"Ƙarar fa, sai kin taka take yi, ko ko da ba ki taka ba?"

"Da zarar tayar ta juya. In na ƙara gudu sai ta ɓace." Ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a kan takalmina. "Kana da zuwa ƙarfe huɗu. Ba don na yarda da bin sawu ba, don bakanike ya roƙa ne."

Ban ji haushi ba. An sha raina takalmin nan.

* * *

Maigadi tun kafin in zauna ya fara, da ganinsa ya kwana biyu yana jiran wanda zai tambaye shi.

"Ni fa ba na shiga abin da ba ruwana. Amma sau uku ina ganinsa da wani mutum a can bakin kwana, mai farar riga, a kan babur. Ba ya zuwa ƙofa, sai daga nesa. Ya miƙa wa Dogo wani ƙunshi ƙarami, Dogo ya waiga hagu ya waiga dama, ya soke a aljihu."

"Tsakuwa ake kawowa a babur, Maigadi?"

"Oho. Ni dai abin da na gani na faɗa."

"Kai fa? Da safe kana ina?"

Ya ɓata rai. Ya ce yana bakin ƙofarsa, kuma daga nan ba a hangen rumfar mota, gini ya tare. Na je na tsaya inda yake zama, na duba. Gaskiya ya faɗa, abin da ya ba ni haushi ke nan, don na so a ce ƙarya ce.

Dogo na cikin ɗakin, a kan benci, dogayen ƙafafunsa sun kusa taɓa bango. Hularsa na hannu yana murzawa.

"Dogo, kai ka sa?"

"Mai Sawu, ka bar maganar nan."

"Wane ne mai farar riga?"

Ya ci gaba da murza hularsa.

"Ka san ƙarfe huɗu ina za ka? Matarka ta sani?"

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tsakuwar ba ta hana birki kamawa. Ƙara ce kawai. Ba abin da zai sami uwar ɗakina."

"Wa ya faɗa maka ba ta hanawa?"

Ya gane ya yi suɓutar baki, ya mayar da kai ƙasa. Na fito raina a jagule. Mutum ya san dutsen, ya san aikinsa, yana karɓar ƙunshi a ɓoye. Da ni ɗan sanda ne da tuni na rufe littafi. Amma abu guda ya tsaya mini a rai. Na ga masu laifi da yawa a daji, idonsu kullum yana neman hanyar gudu. Idon Dogo ba ƙofa yake kallo ba, tagar da ke duban cikin gida yake ta satar kallo.

* * *

Ban sha wahalar gano inda tsakuwar ta fito ba. Tsakar gidan duk siminti ne, ko ƙwayar yashi babu, amma an jera manyan tukwanen fulawa guda tara a gindin bango, kowacce an rufe ƙasarta da farar tsakuwa. Na fito da nawa na gwada. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Mai fulawa na ganin haka ya saki tiyon ruwa, ya ɗora hannu a ka.

"Shi ke nan, an dawo kaina! Wallahi Malam ni na zuba su, amma ado na zuba. Ni da ko kwance taya ban iya ba!"

"Ba sai an kwance ba. Yatsa biyu ta tsakanin ƙarafan wilin taya sun isa. Kuma kai ne kullum a durƙushe gaban tayoyin nan da soso."

Ya fara rantse-rantse, har da kabarin uwarsa. Na bar shi ya gaji. Mutum ne mai ƙorafi, kuma na daɗe da sanin cewa mai ƙorafi ya fi mai gaskiya amfani, don shi ba abin da ke wuce masa. Na tambaye shi me ya fi damunsa a aikin gidan.

"Motar nan mana! Da yamma in wanke ta, in goge har ka ga haƙoranka a jiki. Gari na wayewa sai in tarar an ja mata yatsu. Hajiya ta fito ta ce ban iya aiki ba."

"Yatsu a ina?"

"Daga fitilar baya zuwa saman taya. Layi huɗu, kamar an ja da gangan don a ɓata mini suna. Na san Maigadi ne, tun da na hana shi bokitina yake gaba da ni."

"Kullum?"

"A'a, jefi-jefi. Sau huɗu ko biyar."

"Wane gefe?"

Ya nuna hagu, gefen da ke bin bango in an ajiye motar.

Na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Takwas a cike suke, lafiya lau. Ta tara, wadda ke can ƙarshe kusa da wata ƙofa mai shuɗin fenti, an yi ɗan rami a tsakuwarta, an ture manya gefe, kamar yadda kaza ke tona. Wanda ya ɗiba bai ɗauki ta sama ya wuce ba, sai da ya tsaya ya zaɓa.

"Ɗakin wa ke nan?"

"Na Baba Tsoho."

* * *

Yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin bishiyar da ke tsakiyar gidan, rediyo a cinya, butar shayi a gefe. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kamar faranti. Ban kai gare shi ba ya ɗaga murya.

"Wane ne wannan mai jan ƙafar dama? Ba ɗan gidan nan ba ne."

Na gaishe shi, na ce mukullan gidan aka kira ni in duba. Ƙarya ce, amma rabi.

"Zauna ka sha shayi. Babu sukari, uwata ta hana. Gishiri ma ta hana. Mukullin tsohuwar motata yana jakarta shekara uku ke nan." Ya yi dariya. Uwata yake ce wa Lauya, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Shekara arba'in ina jan babbar mota, ban taɓa taka ko kaza ba, yau ni ake ce wa Baba zauna, Baba kada ka faɗi."

Ya zuba mini shayin. Na lura ya ɗora ɗan yatsa a bakin kofin, da zafin ya taɓa shi ya tsayar da butar. Ya miƙo, kofin ya nufi kafaɗata maimakon hannuna.

"Dogon nan ma ai ni na koya masa tuƙi," ya ci gaba. "Yaron motata ne tun bai da gemu. Yau ban ji shi ba, ko an aike shi ne?"

"Wataƙila. Baba, me ya sami gwiwar hannunka?"

Tabo ne babba, ya warke amma sabo ne. Ya ja hannun riga ya rufe.

"Santsin banɗaki."

"Ka ji motar 'yarka kuwa na ta ƙara kwanan nan?"

"Na ji ana faɗa." Ya murɗa rediyo kaɗan. "Ni ban ga laifinta ba. A zamaninmu mota tun tana bayan gari ka san ta taho. Wannan kuwa sai dai ka ji iska a bayan wuyanka. Abu mai nauyin tan biyu ya riƙa tafiya kamar kyanwa, wannan ba ci gaba ba ne."

Na shanye shayin, ɗaci kamar magani. Na tashi na nufi shuɗiyar ƙofar, na tsuguna duk da gwiwata na zagina, na kalli bangon daga gefe, yadda hasken rana ke kwanciya a kansa. Haka ake duba sawu a ƙasa mai tauri, ba daga sama ba. Farin bango ne, an yi masa fenti bai fi shekara ba. Daidai tsayin ƙugu akwai wani dishi-dishin layi, siriri, ya tashi daga bakin ƙofar, ya bi ta saman tukwanen, ya sha kwana, bai yanke ba sai a ginshiƙin rumfar mota.

Na taɓa bin wani tsohon ɓauna kwana uku a daji. Sawunsa ya ba ni mamaki, don bai taɓa ratsa fili ba, kullum gefen rafi yake bi, kafaɗarsa na gogar ciyawa. Da na cim masa na ga dalili. Ranar ban ji daɗin iya aikina ba, yau ma haka.

* * *

Huɗu saura kwata bakanike ya kawo motar, ya ajiye ta a rumfarta. Ko ni da nake kallonta ban ji shigowarta ba. Na ce a tara kowa a nan tsakar gida.

"A falo dai," in ji Lauya. "Baba na waje."

"Sawun a waje yake, ranki ya daɗe. Ba zan iya ɗauko shi in kai falo ba."

Ta harare ni, amma ta fito. Maigadi ya taho da Dogo yana riƙe da hannun rigarsa, sai ka ce shi ya kamo shi. Mai fulawa ya tsaya nesa da maigadi, bakanike ya tsaya nesa da kowa. Baba Tsoho na can ƙarƙashin bishiyarsa, taku goma sha biyar daga inda muke, ya rage muryar rediyo.

"A yi magana a hankali," Lauya ta ce.

Na fara da mijin ƙanwata. Na ce da shi ne, da bai shimfiɗa ƙyalle ya tona wa kansa asiri ba, kuma ba shi da wayon da zai yi hakan don ɓad da sawu. Na ce maigadi ba ya barin ƙofa, kyamara ta shaida. Mai fulawa kuwa, mutumin da ke kuka a kan layin yatsu ba zai ɓata gogensa da hannunsa ba.

"Saura Dogo ke nan," in ji Lauya.

"Saura tambaya ɗaya. Ranki ya daɗe, wanda ke son ranki, birki mai ihu zai ba ki, ko mai shiru? Wata biyu ana sa motar nan ƙara, kina kai ta wurin gyara, ana ƙara duba birkinki. A garin nan babu birkin da ya kai naki lafiya. Wanda ya sa tsakuwar nan ya san mota ciki da waje, ya san inda za ta yi kuka ba ta yi ɓarna ba. Ba mutuwarki yake nema ba. So yake ya riƙa jin zuwanki."

"Don ya sanar da waɗanda suka aiko shi."

"To zo ki gani."

Na kai ta gefen hagu na motar, na ce ta ɗora yatsu huɗu a saman tayar baya, ta rufe ido.

"Malam, ba wasa na zo yi ba."

"Minti ɗaya. In ban gamsar da ke ba, ni da kaina zan buɗe wa 'yan sanda ƙofa."

Ta rufe. Na ce ta ja hannun baya har fitila. Ta ja, layi huɗu suka fito a jikin baƙin fentin, mai fulawa ya ce, "Ga su! Wallahi irinsu ne!" Na ce kada ta buɗe ido, ta nemi hanyar fita daga rumfar. Ta laluba, hannunta ya sami ginshiƙi, daga ginshiƙi ya sauka a bango, daidai tsayin ƙugu, a kan dishi-dishin layin nan ba tare da na nuna mata ba. Ta fara tafiya, tana tura ƙafa kafin ta taka. Ta sha kwana. Ta wuce tukunya ta ɗaya, ta biyu, har ta tara. Bangon ya ƙare, yatsunta suka taɓa katako.

"Buɗe."

Ta buɗe ido a kan shuɗiyar ƙofa. Ta dubi ƙofar, ta dubi layin da ta biyo, ta dubi ramin da ke cikin tukunyar. Mace ce mai saurin fahimta, ban ƙara ko kalma ba. Wayoyin nan biyu ta ajiye su a bakin tukunya, a hankali.

Daidai nan aka buga ƙofar gida. Maigadi ya ce, da ƙarfi don kowa ya san yana aiki, "'Yan sandan ne, sun zo tafiya da Dogo!"

Rediyo ya mutu.

"Tafiya da wa?" Baba Tsoho ya miƙe tsaye. "Uwata, wa za a kama a gidan nan ban sani ba?"

"Maigida, ka zauna," in ji Dogo. "Ba komai."

"Rufe mini baki! A kan tsakuwar ce? Kai kuma ka zauna kamar gunki za a tafi da kai?" Ya juyo wajen da yake zaton 'yarsa take, ya kuskure da kusan taku biyu, yana yi wa bango magana. "Ni na sa. Sau biyar ma, ɗaya ta faɗi a hanya. In kamu ne ga ni."

Lauya ta tako har gabansa. Ta ɗaga hannu ta kaɗa a saitin fuskarsa. Idon bai motsa ba.

"Baba. Tun yaushe?"

"Na dama ya shekara. Na hagu wata bakwai, saura haske-haske."

"Mai farar rigar fa?" Ta juya ga Dogo.

"Daga kantin magani yake, ranki ya daɗe. Maganin ɗigawa a ido. Maigida ya sa na rantse ba zan faɗa ba." Ya share fuska da hula. "Shi ya koya mini abin da nake ci da shi. Ban san yadda zan yi ba."

"Me ya sa, Baba? Ni ce fa. Da na kai ka asibiti tun..."

"Da kin kai ni, da kin dawo da ni kin sa a ɗaki kin ja ƙofa, kin ɗauko mai jinya ta zauna a kaina. Kin karɓe mota, na yi shiru. Kin karɓe gishiri da sukari. Tsakar gidan nan kaɗai ta rage mini, uwata. Na san takunta duka, daga ƙofata zuwa bishiya ashirin da biyu. Abu ɗaya ne ban iya lissafa shi ba, motarki."

Ya ja hannun rigarsa sama, tabon ya fito.

"Wannan ba banɗaki ba ne. Ranar da kika fita da kanki da sassafe, kina baya-baya kina waya. Gefenta ya ture ni, na faɗa tsakanin tukwane. Ba ki sani ba. Dogo ne ya ɗaga ni."

"Na'urar gargaɗin motar ta yi ƙara a ciki," Lauya ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Na ji ta yi. Na ɗauka ginshiƙin ne, kullum sai ta yi wa ginshiƙin."

Sai ta durƙusa a kan simintin nan da kayan kotunta, ta riƙe hannun uban, ta kifa goshi a kan tabon. Na ga mutane da yawa suna kuka a rayuwata, amma wannan na kasa kallo. Na juya ina duban fulawa, maigadi ma ya sami abin dubawa a takalminsa.

Aka sake buga ƙofa. Ta tashi, ta share ido, ta je da kanta. Ban ji abin da ta faɗa musu ba, na dai ji motarsu ta juya. Da ta dawo ta buɗe jaka ta ciro mukulli, ta miƙa wa Dogo da hannu biyu.

"Ka yafe mini."

"Ba komai, ranki ya daɗe."

"Da komai. Gobe ƙarfe takwas za ka kai mu wurin likitan ido, ni da shi." Ta dubi uban. "Kujerarka kuma tana nan inda take. Ba mai taɓa ta."

Bakanike ya matso, ya ce akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa irin motocin nan ta riƙa ƙara in suna tafiya a hankali, amma sai an aiko da ita, mako biyu ko uku.

"Kafin nan fa?" in ji Lauya.

Na sa hannu a aljihu na fito da tsakuwar huɗu, na zuba a tafin Baba Tsoho. Ya murza su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ware guda.

"Wannan. Sauran sun cinye." Ya miƙa wa iska, Dogo ya karɓa. "Ta sama za ka tura, bayan faifan, har ka ji ta zauna. Kada ka danna da ƙarfi."

"Haba Baba!" Bakanike ya kama kai. "Duk gari an san ni ke duba motar nan. Me za a ce da ni?"

"Abin da aka saba cewa," na ce masa.

* * *

Bayan kwana uku na koma gidan da yamma, don mai fulawa ya ɓatar da mukullin ɗakin ajiya, yana kuma rantsuwa maigadi ne ya ɓoye. Baba Tsoho na ƙarƙashin bishiya, an rufe masa idon hagu da auduga. Ya ce likita ya ce na daman ya tafi, amma wannan akwai rabo. Ya zuba mini shayin nan nasa marar daɗi, yatsa a bakin kofi.

Muna cikin hira sai ga ta daga can bakin kwana, ƙiiii, ƙiiii, har wani kare ya amsa. Motar da ta fi kowace tsada a layin, tana kuka kamar tsohon amalanke. Maigadi ya ruga buɗe ƙofa. Dogo ne a sitiyari, Lauya a gefensa, ta sauke gilashi ko kunya babu.

Dattijon ya ɗaga kai tun kafin su shigo. Ya janye ƙafafunsa daga hanya, ya matsar da butar shayi ƙarƙashin kujera, ya gyara zaman hularsa.

"Ga uwata nan," ya ce.